Hayaƙin Birik da Hanyar da Ta Ratsa Tibati

Duk wanda ya taɓa sauka Yawunde daga cikinmu ya san cewa idan magariba ta gabato ba ya buƙatar ɗan jagora kafin ya gano unguwar Hausawa, hancinsa ya ishe shi. Tun daga wajen babban zauren wasanni na Warda ƙamshin nama yake tarar mutum, ya ja shi har cikin Briqueterie, wadda bakin jama'a ya gajarta zuwa Birik. Ma'anar sunan da Faransanci ita ce wurin gasa tubali, su kuwa Ewondo masu ƙasar suna kiran yankin Ekudu. Tubalin ya daɗe da zama labari, amma wuta ba ta mutu a unguwar ba.

Akwai wani sashe a can da mutanen birni suka laƙaba wa suna Ministère du Soya, wato Ma'aikatar Tsire. Raha ce, amma rahar da ta kama gaskiya, domin ma'aikatan gwamnati da suka tashi daga ofis, da ɗalibai, da direbobin tasi, da Kirista da Musulmi, duk a gaban tukuba ɗaya suke tsayawa. Mai nama ya yanko ɗanɗano a bakin wuƙa ya miƙa, a yi ciniki, ya yayyanka a takarda, ya watsa albasa, ya barbaɗa yajin da mutanen kudu ke kira kankan. Wasu su haɗa da gasasshiyar agade, wasu da bobolo, ƙullin rogon nan da ake naɗewa a ganye. Gefe guda ga mai shayi da bencinsa, ga mai kilishi, ga matan da ke tuyar masa da ƙosai. A watan azumi kuwa, kunun gyaɗa na Birik har waɗanda ba su kai azumi ba suna zuwa sayensa. Kalmar soya da dukan Kamaru ke kiran wannan nama da ita tamu ce, ko da yake mu mun san tsire da balangu gasa su ake yi, ba a soya su.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen wata unguwa ta Yawunde alhali muna zaune a arewa shi ne, wannan tukuba ta ƙofar gidanmu ta wuce kafin ta isa inda take.

Bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu a 1809, Fulani suka yi ta kafa lamidoji a ƙasar Fombina, har Haman Sambo ya kafa Tibati a ƙasar Bute. Tibati ta zama ƙofar kudu, daga ita sai Yoko, daga Yoko sai kogin Sanaga da kurmi. Inda duk aka kafa gari mai kasuwa, Bahaushe na biye. Fatake daga Kano da Katsina da Zazzau suka riƙa ketaro Binuwai ta Yola da Garwa, suna kawo tufafi da kanwa da kayan fata, suna komawa da hauren giwa da goro. Kada mu ɓoye wa kanmu, a cikin abin da aka yi fataucinsa a wannan hanya har da bayi. Lokacin da Bajamushen nan Curt Morgen ya taso daga Yawunde a 1890 ya nufo arewa, ya tarar da 'yan kasuwa Hausawa a garin Ngila, sarkin Bute, suna sayen haure, kafin ya isa sansanin Lamidon Tibati da ke yaƙi da Tikar a Ngambe. Ashe kenan tun Yawunde tana ƙaramar tashar Jamusawa, wadda aka kafa a 1889, mutanenmu sun riga sun kusa ƙofarta.

Ayari ba ya tafiya da yunwa. Duk inda aka yada zango akwai mai masauki, akwai dillali, akwai malami, akwai wanzami, akwai kuma mahauci. A ƙasar Adamawa rabon aiki ya fito sarai: Bafulatani ke da sa, Bahaushe ke da wuƙa. Makiyayi ba ya mayar da fawa sana'a, don haka yanka da fiɗa da kasa nama a kasuwa suka faɗo hannunmu. Shi ya sa har yau a fadojin lamidoji da dama, inda da Fulatanci ake magana, sarautar mahauta da sunanta na Hausa ake kiranta, Sarkin Pawa, kamar yadda ake cewa Sarkin Shanu da Sarkin Hausawa. Kilishi ma ɗan tafiya ne. An shanya naman ne, aka shafe shi da labu, aka nuna masa wuta, domin ya yi makonni a cikin jaka bai lalace ba.

Jamusawa sun ci Tibati a 1899 a ƙarƙashin von Kamptz, suka kama Garwa a 1901. Ƙarfin lamidoji ya ragu, amma hanya ta ƙara buɗewa, aka daina tsayawa a bakin Sanaga. Kurmin kudu kuwa ƙasar ƙudan tsando ce, shanu ba sa yaɗuwa a can, ga bariki cike da sojoji da 'yan dako da akawuna masu albashi da son nama. Sai aka riƙa koro garkuna da ƙafa daga tudun Adamawa, a bi ta Tibati da Yoko, a ƙetare kogi, a isa Yawunde bayan makonni. Mahauci ya bi sa, mai tsire ya bi mahauci. Da Jamusawa suka bar Yawunde a farkon 1916, garin ya koma hannun Faransawa ya zama hedikwata, zangon baƙin arewa ya daidaita a Ekudu, ya yi masallacinsa da sarkinsa. A Duwala ma haka aka yi a New-Bell. Sannu a hankali Fulani da Barebari da mutanen Najeriya da Nijar da Mali suka cika unguwar, amma a bakin mutumin kudu duk mai doguwar riga da hula Hausa ne.

A nan akwai abin da ya kamata mu duba a tsakaninmu. Mu ne muka fi kowa raina wannan sana'a. A da akwai gidajen da ba sa ba mahauci 'ya, har yanzu ma akan sami matashin da ya fi son a ce yana kabu-kabu da babur da a gan shi a bayan tukuba. Alhali kuwa a ƙasar da muke 'yan tsiraru, inda Fulatanci ya rinjayi kasuwar arewa, Faransanci ya rinjayi makaranta da ofis, kalmar Hausar da ta shiga bakin kowa daga Kuseri har Kiribi daga hannun mai nama ta fito. Malamanmu da attajiranmu sun yi nasu aikin, ba mu musa ba, sai dai Ba'ewondo da Babamileke ba a zaure suka fara saninmu ba, a gaban wuta ne.

Ita kuwa Tibati, hanya ta kauce mata. Da jirgin ƙasa ya isa Ngaundare a 1974, ta Ngaundal ya bi, shanu da yawa suka koma hawa tarago, tsohon burtalin Yoko ya rage ƙura. Abin da ya zo mata a madadin haka ruwa ne. Madatsar Mbakau da aka gina a kan kogin Jerem a 1969 ta tara tafki mai faɗi, masunta suka taho daga nesa, cikinsu har da namu, kamar yadda aka yi daga baya a Lagdo kusa da Garwa. Yanzu kifin banda ne ke fita daga nan cikin kwanduna zuwa kasuwannin kudu. A tashar mota kuwa, da la'asar sakaliya, masu tsire na hura gawayi suna jiran motocin Banyo da Ngaundare, kuma kafin fasinja ya ciro kuɗi sai an miƙa masa ɗanɗano a bakin wuƙa.