Tarihin Burukutu a Sabon Gari da Samaru

Burukutu giya ce ta gargajiya da ake dafawa da dawa, wani lokaci a surka da gero ko masara. Launinta ja-ja ne mai duhu, tana da kauri da tsami, ƙarfin barasar da ke cikinta kuma yakan kama daga kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari. Ƙanwarta ita ce fito, wadda ake tacewa sosai har ta tsinke. A ƙasar Zazzau, tarihin burukutu yana tafe kafaɗa da kafaɗa da tarihin iyakokin gari: wa ke zaune cikin ganuwa, wa aka ajiye a bayanta, kuma dokar wa ke aiki a kowace unguwa.

Kafin jihadi, giyar dawa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Maguzawa suna dafa ta don biki da gayya da tsafe-tsafen gida, haka ma Gbagyi da Adara da Bajju da Atyap da Ham a kudancin masarautar. Da Malam Musa ya karɓi Zazzau a 1808 da tutar Shehu Usman Ɗan Fodiyo, hukuncin Musulunci na haramcin giya ya ƙara ƙarfi a cikin birni, sana'ar ta koma ƙauyuka da gidajen waɗanda ba Musulmi ba.

Turawan Ingila sun shiga Zariya a 1902. Yarjejeniyar Burasel ta 1890 ta riga ta ba su hujjar hana shigo da barasa mai ƙarfi yankunan da ba a saba da ita ba, gwamnatin Lugga kuma ta sanya Arewa cikin wannan sahu, don kada ta ɓata da sarakuna. Dokar giya ta 1917 ta kasa Nijeriya kashi uku gwargwadon tsananin hani. Sai dai a daidai wannan lokacin ne Turawan suka kawo abin da ya buɗe wa burukutu kasuwa: jirgin ƙasa. Dogo ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, sannan aka ja ƙaramin layi daga Zariya zuwa wuraren haƙar kuza a Jos. Aka kafa Sabon Gari a ƙetaren rafin Kubanni don ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa baƙi, ga kuma barikin soja kusa. Dubban maza masu albashi, nesa da gida, waɗanda barasar Turai ta fi ƙarfin aljihunsu ko doka ta hana su ita. Nan burukutu ta tashi daga abin biki ta zama hajar sayarwa, ana auna ta da ƙoƙo.

Sana'ar ta mata ce tun asali, kuma aiki ne na mako guda ko fiye. Za a jiƙa dawa ta kwana, a tsame, a shimfiɗa ta a inuwa a rufe da ganye ko buhu, ana yayyafa ruwa kwana uku zuwa biyar har ta tsira. Wannan tsiron shi ne zuciyar aikin, domin a lokacin da ƙwaya ke ƙoƙarin fitar da saiwa ne take samar da sinadaran da ke mayar da sitaci ya zama sukari. Sai a shanya, a niƙa, a dama da ruwa, a bari ya kwanta. Gwanar mai dafuwa takan kwashe ruwan sama ta ajiye gefe, ta dafa kaurin da ke ƙasa, sannan ta mayar da ruwan ta haɗa. Dalilin haka babba ne: sitacin dawa ba ya narkewa sai da zafi mai tsanani, wanda kuma zai kashe sinadaran tsiron in an bar su a tukunya. Matan sun gano maganin wannan matsala da hannu da harshe, tun ba a san ma'aunin zafi ba. Daga nan a bar haɗin ya kwana ya yi tsami, a sake tafasa shi sa'o'i a manyan tukwane ko rabin ganga, a bari ya huce, a zuba ragowar tsohuwar dafuwa mai ɗauke da yis. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu ta tashi tana kumfa. Wasu na ƙara garin rogo don ta yi auki. Dusar da ta rage kuwa abincin aladu ce da kaji.

Babban bambancinta da giyar Turai shi ne furen hop. Masu dafa giyar sha'ir mai haske a Ingila, wadda garin Burton ya yi suna da ita a ƙarni na 19, suna zuba wannan fure tun farkon tafasa don ɗaci, su ƙara wani gab da saukewa don ƙamshi, kuma yana hana giya saurin lalacewa. Burukutu ba ta da irin wannan kariya. Ana shan ta tana kan aiki, bayan 'yan kwanaki ta zama ruwan tsami. Shi ya sa ba ta taɓa zama hajar fatauci mai nisa ba. Inda aka dafa ta nan ake shanye ta, kuma masu dafuwa a unguwa ɗaya sukan raba ranaku don kada kaya su yi kwantai.

Samaru ta zo daga baya. An kafa tashar binciken aikin gona a can a 1922, da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 kuma tashar ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta jami'ar. Leburori da masu gadi da kuku da masinjoji daga kudancin Kaduna da Filato da Binuwai suka zauna a ƙauyen da ke fuskantar jami'ar, gidajen burukutu suka biyo su. A 1963 kamfanin Nigerian Breweries ya buɗe masana'anta a Kaduna, giyar kwalba ta zama ta manyan ma'aikata da ɗalibai masu hali, ƙwarya ta zama ta talaka. Ba adalci ba ne a faɗi wannan tarihi a ɓoye ɓarnar da shaye-shaye ya yi wa gidaje da yawa, albashi ya ƙare tun kafin tsakiyar wata. Haka kuma ba adalci ba ne a manta da zawarawa da matan ƙananan sojoji da suka biya wa 'ya'yansu kuɗin makaranta daga bakin murhun nan.

A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir. Kamfanonin giya suka rasa madafa sai dawa, kuma irin da suka fi nema a lokacin shi ne gajeriyar kaura, SK5912, wadda aka inganta a Samaru. Masana suka shiga nazarin yadda za a tsirar da dawa a sarrafa ta a manyan tukwanen masana'anta, hanyar da ta fi yi musu aiki kuwa ta yi kama ƙwarai da dabarar kwashe ruwan sama da matan Sabon Gari ke yi tun kaka da kakanni. Wasu masu bincike a jami'o'in Nijeriya har sun gwada shuwaka da namijin goro a madadin hop. An ɗage hanin a ƙarshen shekarun 1990, amma kamfanonin ba su bar dawa ba, har lemon maltin da Musulmi ke sha ba barasa a ciki yana da rabonsa daga gonakin Arewa.

Muhawarar shari'a ta shekarar 2000 da tsarin kotuna da Gwamnan Kaduna Ahmed Makarfi ya kawo a 2001 sun ƙara matse sana'ar zuwa lunguna, da kasuwannin mami na barikoki irin su Basawa, da ƙauyukan gefen gari. Yau tsadar dawa da itace, da 'yan ledojin barasa masu arha da ƙarfin bugu da suka cika shaguna, sun janye matasa da yawa daga gidajen dafuwa, kuma da yawa daga cikin matan da suka iya aikin daga jiƙo zuwa saukewa sun manyanta.