Daga Murhun Tama Zuwa Ajin Kimiyya na Ƙanƙara

Ƙarfe ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tonon da masana kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello suka yi a Samaru ta Yamma, kusa da Zariya, a shekarun 1970 ya fito da murhunan narka tama da suka haura shekara dubu. Maƙeranmu sun san tama mai kyau, sun san gawayin ƙirya ne ke riƙe wuta. Amma da ƙarafan Turawa suka cika kasuwa a zamanin mulkin mallaka, sai aka daina narka tama, ilimin kuma ya bi tsofaffi kabari domin bai sami magada ba.

A wasu nahiyoyin kuwa, tambayar da aka yi wa wannan ƙarfe ba ta yanke ba. A 1856 William Thomson, wanda aka fi sani da Lord Kelvin, ya lura a Gilasgo cewa turjiyar da ƙarfe da nikel ke yi wa lantarki tana canjawa gwargwadon inda maganaɗisunsu ya fuskanta. A 1879 Edwin Hall, ɗalibi a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, ya nuna cewa maganaɗisu yana karkatar da lantarki gefe, daga baya ya tarar karkatar ta ƙarfe ta ninka ta ma'adinan da ba su da maganaɗisu. Babu wanda ya san dalili, domin sai a 1897 aka gano ƙwayar lantarki, wato ilaktaron, kuma sai a 1925 Uhlenbeck da Goudsmit suka ce kowace ƙwaya tana da wani juyi nata da ya mai da ita ɗan mitsitsin maganaɗisu. A 1954 Karplus da Luttinger suka haɗa zaren: juyin ƙwayar a ɗaure yake da tafiyarta tsakanin ƙwayoyin zarra, shi ya sa fuskar maganaɗisun ƙarfe ke juya akalar lantarkin da ke ratsa shi. A 1988 Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus, kowa a ɗakin gwajinsa, suka jera siraran shimfiɗu na ƙarfe da kuromiyam, suka ga maganaɗisu yana sauya turjiyar sosai. Kamfanin IBM ya sa wannan cikin faifan ajiyar kwamfuta a 1997, Fert da Grünberg kuma suka sami lambar Nobel a 2007. Yau na'urar da ke nuna wa mai waya alƙibla jikar binciken Kelvin da Hall ce.

Mai hankali zai iya cewa: manomin Faskari da bai iya zuwa gona ba saboda 'yan bindiga, ko matar garin Sabuwa da ke kwana babu wuta, ina ruwansu da juyin ilaktaron? Gaskiya ne, tsaro ne gaba, mai jin tsoro ba ya karatu. Wani kuma zai ce mu sayi na'urar kawai, mu bar wa masu kuɗi bincike. Amma haka muka yi da ƙarfe, muka tashi daga masu narkawa muka koma masu saye. Kuma tarihin nan ya nuna cewa ba dukiya ce ta fara buɗe hanyar ba. Hall ɗalibi ne, kayan aikinsa ɗan siririn zinare ne da maganaɗisu. Abin da ya ɗauki tambayar Kelvin shekara fiye da ɗari har ta zama na'ura shi ne malami ya miƙa wa ɗalibi, ajin bai taɓa rufewa gaba ɗaya ba.

Shi ya sa abin da ya faru ranar 11 ga Disamba, 2020, da aka sace ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara a kudancin Katsina, ya wuce hari kan gini. An sako yaran bayan kwanaki, amma duk uban da ya hana ɗansa komawa makarantar kwana daga nan, an tsinke wani zare. Daga irin wannan aji Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ke samun masu karanta fizik. Don haka tsare makarantun kimiyya na kudancin Katsina, da ba su malamai da ɗakin gwaji mai aiki, ba abin da za a jinkirta ba ne sai an gama da 'yan bindiga. Tare za a yi su, domin ilimin da aka bari ya yanke, dawo da shi ya fi riƙe shi tsada.