Jiragen Hayaƙi a Kogin Kwara

Jama'ar Ojoo da Sabo. Duk wanda ya yi lodi a nan ya nufi Arewa, gadar Jabba yake bi, ya wuce Kwara cikin ƙiftawar ido. To kakanninmu ba haka suka san kogin nan ba.

A 1854 wani likitan Birtaniya, Baikie, ya shigo Kwara da jirgin hayaƙi mai suna Pleiad, ya hau Binuwai. Ya riƙa ba mutanensa kwinin, ba wanda zazzaɓi ya kashe, abin da ya ba Turawa ƙwarin gwiwa ke nan. Da ya dawo a 1857, jirginsa Dayspring ya daki dutse kusa da Jabba ya fashe. Daga baya ya zauna a Lakwaja, har ya koyi Hausa.

Jiragen da suka biyo baya, yawancinsu itace suke ci. A dafa ruwa a tukunyar ƙarfe, tururi ya tura inji, injin ya juya wani ƙaton faifai a bayan jirgin, shi ke tuƙi. Ƙasansu shimfiɗaɗɗe ne saboda yashi. Amma fa tafiyar ta damina ce. In ruwa ya cika, a tashi daga Burutu har Yola da Garwa. In rani ya yi, sai haƙuri. Kamfanin Royal Niger, da ya sami izinin mulki a 1886, ya kame kogin da haraji da lasisi, ƙaramin ɗan kasuwa bai isa ya yi gasa da shi ba. Mu da muka san dillanci mun san ciwon wannan.

Abin mamaki, jiragen ne suka kai ƙarafan dogo Baro, aka shimfiɗa layi har Kano a 1911. Wato su suka yi dakon abin da ya ƙwace musu ciniki. A Jabba ma, kafin a gama gada lokacin Yaƙin Duniya na Farko, jirgin fito ke tsallakar da taragu.

Dogon nan shi ya karkato da goro da shanu ta Badun, aka kafa Sabo a 1916. Yanzu shi ma tirela ta karɓe masa yawancin kayan. A 2019 an buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a Baro, amma huhun goronmu har yau ta Ilori da Makwa yake bi.