Sarah Breedlove: Zubewar Gashi da Kuɗin Makaranta

A shekarun 1890, a birnin St. Louis na Amurka, wata baƙar fata mai sana'ar wanki ta wayi gari gashin kanta yana zubewa. Sunanta Sarah Breedlove. An haife ta a 1867 a ƙauyen Delta na jihar Louisiana, kuma ita ce ta farko cikin 'ya'yan gidansu da aka haifa bayan soke bauta. Ta zama marainiya tana da shekara 7, ta yi aure tana da 14, mijin ya rasu tana da 20, ya bar ta da 'ya ɗaya, Lelia.

Larurar ta zama ruwan dare tsakanin matalautan mata a wancan zamani. Gidaje da yawa ba su da ruwan famfo, don haka ba a cika wanke kai ba, amosani da cututtukan fatar kai suka samu wurin zama. Ga sabulu mai kaifi, ga ƙarancin abinci mai gina jiki. Ga mace kuwa, gashi sutura ne, kuma rasa shi kan sa mutum ya tsani madubi, ya guji taro, har ƙuncin ya taɓa aikinsa.

Sarah dai ba ta ajiye aikinta ba. Daga kimanin dala ɗaya da rabi da take samu a rana ta riƙa tara abin da ya kai Lelia Kwalejin Knoxville a jihar Tennessee, ita kuma tana halartar makarantar dare. Ta ɗauki zubewar gashin a matsayin ciwo mai sanadi, wanda kuma yake da magani. Ta fara da sayar da man gashin Annie Malone, sannan ta koma Denver a 1905, inda ta haɗa nata mai ɗauke da farar wuta, tana koya wa mata yawaita wanke kai. A 1906 ta auri Charles Joseph Walker, daga nan duniya ta san ta da Madam C.J. Walker.

A 1908 ta buɗe Kwalejin Lelia a Pittsburgh don horar da mata gyaran gashi, a 1910 ta kafa masana'anta a Indianapolis. Dubban mata sun samu abin dogaro da kai ta hannunta, ta kuma ɗauki nauyin karatun ɗalibai a Cibiyar Tuskegee. Ta rasu a 1919, tana cikin mata baƙar fata mafiya arziki a ƙasar.

Ba kowane gashi ne yake dawowa ba. Sanƙon gado da wanda garkuwar jiki ke haddasawa ba su jin irin maganinta, kuma damuwar da ke hana barci da karatu ciwo ce da ta cancanci ganin likita, daidai da ciwon fatar kan. Abin lura a tarihinta shi ne tsarin lokaci: tara kuɗin makaranta da zuwa ajin dare sun gudana ne a shekarun da kanta ke zubar da gashi, tun kafin ta samu magani. Ɗalibin da ya jingine jarrabawa ko neman aiki har sai gashinsa ya dawo, yana iya yin asarar abu biyu, alhali da farko ɗaya kaɗai larurar ta ɗauke masa.