Marayun Shekarar Marisuwa

A ranar 14 ga watan Satumba na shekarar 1918, sa'ad da yaƙin duniya na farko yake gab da ƙarewa, wani jirgin ruwa mai suna Bida ya iso Ikko daga Gwalkwas da fasinjoji masu zazzaɓi da tari, ko da yake tun cikin watan Agusta irin wannan cuta ta riga ta sauka a Saliyo, ta kwantar da ma'aikatan tashar jirage. Daga Ikko sai ta hau hanyar jirgin ƙasa, wadda ta isa Kano tun 1911, ake kuma jigilar auduga da gyaɗa ta kanta, ta bi tasha tasha, daga nan kuma fatake da 'yan koli da masu cin kasuwannin ƙauye suka ƙarasa da ita inda dogo bai kai ba. Shigowarta ƙasar Hausa ta dace da farkon shekarar Hijira ta 1337, a tsakiyar kaka, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Maiturare da Sarkin Kano Abbas da Sarkin Katsina Dikko. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe mutum kimanin 500,000 a Nijeriya cikin 'yan watanni. Ita ce kakanninmu suka kira marisuwa.

Mutanen ƙasar nan ba baƙin annoba ba ne, domin sun san agana, sun san ƙyanda da tarin shiƙa, kuma shekara huɗu kacal kafin wannan musiba sun sha yunwar Kakalaba, wadda ta ƙarar da rumbuna, ta kori talakawa daga gidajensu. Amma ƙyanda da tarin shiƙa galibi yara suke ɗauka, su bar iyaye da kuka, alhali kuwa marisuwa, a nan da ko'ina cikin duniya, ta fi tsananta a kan majiya ƙarfi, 'yan shekara 20 zuwa 40, mata masu juna biyu kuwa su ne ta fi yi wa ɓarna. Wato waɗanda ta kayar su ne ainihin masu noma da daka da ɗiban ruwa da shayarwa, waɗanda ta bari a tsaye kuwa su ne tsofaffi da ƙananan yara. Likitocin Turawa a lokacin ba su taka kara sun karya ba, da ma yaƙi ya janye wasunsu, waɗanda suka rage kuma aikinsu yana bariki, cutar kuwa ko a Landan ba a san maganinta ba. Saboda haka abin da ya tsaya tsakanin yaro ɗan shekara biyu da mutuwa, a ran da uwarsa da ubansa suka kwanta tare, shi ne ta'adun da unguwa ta saba da su tun ana zaman lafiya.

Ta farko a cikinsu, kuma wadda aka fi rainawa, ita ce ciyayya. Bisa al'ada idan an kwashe tuwon dare, uwargida takan zuba malmala a akushi, ta rufe da faifai, ta ɗora wa yarinya a ka ta kai gidan maƙwabta ko na ƙawa ko na suruka, can ma a juye a zubo nasu a maido. A kwanakin lafiya ana ɗaukar wannan a matsayin sada zumunci kawai, amma a gari mai kulle, inda matan aure ba sa fita, namiji baligi kuma ba ya wuce zauren wani, wannan akushi shi ne mai kai labari. In yarinya ta dawo ta ce ta yi sallama ba a amsa ba, ko akushin jiya bai dawo ba, ko an wayi gari ba a ji ƙarar turmi ta bayan danga ba, to, an san gidan ba lafiya. Wadda za ta shiga kuwa tsohuwa ce, domin ita ce shekaru suka ɗauke wa kulle: ungozoma, ko mai kitso, ko dillaliya, ko kakar wani. Ita za ta tarar da murhu a sanyaye da randa ba ruwa, ta hura wuta ta dama kunu, ta ɗauki jaririn daga gefen uwarsa ta goya shi da majanyi, ta kora sauran yaran zuwa gidan da hayaƙi yake tashi.

Yaron da aka yaye, kowane gida yana iya ciyar da shi. Mai shan mama shi ne babbar lalura, domin a zamanin da babu madarar gwangwani, mutuwar mai jego kusan hukuncin mutuwa ce a kan abin da ta haifa, sai fa in an sami wata mace mai goyo ta raba nononta biyu. Inda ba a samu ba, akan nemi nonon akuya ko na saniya daga rugar Fulani, a tsarma shi da ruwa, tsohuwa ta kwantar da yaron a cinya, ta tara tafin hannunta a bakinsa ta yi masa ɗura, kuma da yawan waɗanda aka raina haka ba su kai yaye ba. Shi ya sa kishiya, ko matar wa, ko maƙwabciya, wadda ta karɓi jaririn wata ta haɗa da nata, a ganina ita ce ta yi aikin da ya fi kowane girma a wannan shekara, tun da yake ita ma sau da yawa daga jinya ta tashi, kuma ta san cewa abin da ta ba ɗan wata daga rabon ɗanta ta rage. Shari'a ba ta bar wannan aiki a matsayin alheri mai wucewa ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda almajirai suke karantawa a Risalar Ibn Abi Zaid, nonon da ya isa cikin yaro a shekarunsa biyu na farko, ko da tsotsa ɗaya ce, yana haramta aure kamar yadda nasaba take haramtawa. Matar ta zama uwa, mijinta ya zama uba, 'ya'yansu sun zama 'yan'uwa. Da haka maraya yake samun dangi na biyu waɗanda ba su da ikon su ce ba su san shi ba.

Bayan an yi jana'iza, an yi sadakar uku da ta bakwai, sai maganar wanda zai riƙi yaran ta taso, a nan kuwa fiƙihu da al'ada kowanne yana da tasa hanya. Littafi ya ba da haƙƙin reno ga uwa, bayanta kaka ta wajen uwa, sa'an nan 'yar'uwar uwa, kafin a zo ga dangin uba. Al'adar Hausa kuwa ta fi karkata ga cewa ɗa na gidan ubansa ne, baffa ko gwaggo su ɗauka. Abin da ya kamata a lura da shi, wanda kuma ba kasafai ake ambatarsa ba, shi ne Malikiyya ta ƙuntata wajabcin ciyarwa ƙwarai: mutum ba a tilasta masa nafaƙa sai ta matarsa da 'ya'yansa ƙanana da iyayensa matalauta. Alƙali ba zai ɗaure baffa domin ya ƙi ciyar da ɗan ƙanensa ba. Ashe ke nan dubban marayun da aka rarraba a gidaje bayan marisuwa, zumunci da kunya da tsoron Allah ne suka ɗauke su, kuma abin ya zo da sauƙi domin riƙo tsohuwar ta'ada ce, ba ta jiran mutuwa. Ɗan fari, wanda uwarsa take jin kunyarsa har ba ta kiran sunansa, da ma galibi a ɗakin kaka yake tashi. Yaron da za a yaye wurin kaka ake kai shi. Matar da ba ta haihu ba 'yan'uwa sukan ba ta 'yar riƙo ta aurar. Yaron Bahaushe tun yana rarrafe ya san ɗaki fiye da ɗaya da ake kwantar da shi.

A gona kuma dawa ta nuna, gyaɗa tana jiran cira, masu aikin suna kwance. Inda gandu yake da rai, wato uba da 'ya'yansa ko wa da ƙannensa suna noma wuri ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya, mutuwar mutum guda ba ta rufe tukunyar 'ya'yansa. Inda babu, sai a yi gayya, waɗanda suka warke su taru su girbe gonar mamaci su ɗaure dammuna, matarsa tana cikin takabarta ta wata huɗu da kwana goma. Zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma, a da tana taruwa a rumbunan masu gari, amma Turawa sun yi ta narkar da ita cikin harajin kuɗi, Baitulmalin da suka tsara kuma albashi da ayyukan En'e ya fi fuskanta. Don haka abin da ya kai bakin marayu shi ne wanda manomi ya fitar da hannunsa ya miƙa wa wanda ya sani. Malamai kuwa, kamar yadda aka saba in musiba ta sauka, sukan yi alƙunutu, su umarci jama'a da sadaka, sadakar da ake rabawa kuma, gumba ce ko waina ko tsaba, yara ne masu cinta.

Wajibi ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Dubiya da zaman makoki da cunkoson jana'iza, waɗanda su ne suka hana a bar kowa shi kaɗai, su ne kuma suka yi ta kai cutar gida gida, duk da cewa malamai sun san hadisin da ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka ko fita daga cikinta, sun kuma san yadda Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda ita. Haka nan ba kowane riƙo ne ya zama rahama ba. Akwai 'yar riƙon da ta zama mai talla da wanke-wanke tun ba ta isa ba, akwai agolan da uwarsa ta shiga da shi gidan sabon miji ya tashi yana cin saura, akwai kuma gonar marayu da ta shige gonar baffa ba ta sake fitowa ba, alhali Alƙur'ani ya yi kashedi mai tsanani a kan cin dukiyar maraya, ya ce a tsare ta har ya yi hankali a miƙa masa da shaidu.

Masu amana kuwa suna da dabararsu: akan sayar da ɗan abin da ya rage na gado a sayi akuya ko tunkiya a ba da kiwo da sunan yaron, tana haihuwa ana tarawa, har ran da za a yi masa kaciya ko a yi wa yarinya kayan ɗaki. Da waɗannan yara suka isa aure, wajen ƙarshen shekarun 1930, sai tsofaffin da suka shiga gidaje a waccan kaka suka sake zama abin nema, domin kafin a karɓi kuɗin gaisuwa dole a tambaye su wa ya sha nonon wa, kuma in mata biyu suka tabbatar da shayarwar da da ma unguwa ta san da ita, maganar auren ta mutu ke nan, sai a nema wa yaron wata.