Daga Ditiroit Zuwa Sabon Gari: Shugaba Da Kukan Talaka Kan 'Yan Sanda

A wannan fitowa ina so in jawo hankalinmu ga tarzoma biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a nan gida. Dukkansu kan 'yan sanda suka faro, amma kafin ƙura ta lafa sai suka koma rikicin "mu da su".

Ta farko ta auku a birnin Ditiroit ran 23 ga Yuli, 1967, bayan 'yan sanda, waɗanda galibinsu farar fata ne, sun kai samame wata mashaya a unguwar baƙar fata. Kwana biyar ana ɗauki-ba-daɗi, mutum 43 suka mutu. Shugaba Lyndon Johnson ya tura soja, ya yi wa ƙasa jawabi ran 27 ga watan, ya kuma kafa hukumar bincike a ƙarƙashin Gwamna Otto Kerner. A Fabrairun 1968 hukumar ta ɗora laifin a kan wariyar launin fata da talauci da halin 'yan sanda. Johnson bai ji daɗin rahoton ba, sai ya jingine shi. A 1992 kuwa aka sake kwatawa a Los Anjalis, bayan kotu ta sallami 'yan sandan da suka lakaɗa wa Rodney King duka.

Tamu ta zo a Oktoban 2020, lokacin da matasa, musamman a Kudu, suka fito suna neman a rushe SARS, wato rundunar yaƙi da fashi da aka kafa a Ikko a 1992, saboda azabtarwa da kisa ba shari'a. Ran 11 ga watan Sufeto Janar Mohammed Adamu ya ba da sanarwar rushe ta, bayan kwana biyu aka maye gurbinta da SWAT. Gwamnonin Arewa, ta bakin shugabansu Simon Lalong, suka ce su SARS tana yi musu amfani. Daga nan ne magana ta karkace. A tashar Unguwa Uku da majalisun Gyadi-Gyadi da Tarauni, abin da na yi ta ji shi ne wai 'yan Kudu ne ke son kifar da gwamnatin ɗan Arewa. Alhali kuwa direban da ke bin hanyar Zariya ya fi kowa sanin abin da ake karɓa a shingen bincike.

Ran 20 ga Oktoba soja suka buɗe wuta a kan masu zanga-zanga a Lekki. A ranar ce kuma 'yan daba suka far wa masu zanga-zanga a Sabon Gari, aka ƙona motoci, aka fasa kantuna. Wanda ya san tarihin Kano bai yi mamakin wurin ba, domin tsakanin Fagge da Sabon Gari aka gwabza a Mayun 1953. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari bai yi wa ƙasa cikakken jawabi ba sai ran 22 ga watan, kuma bai ambaci Lekki ba. An umarci jihohi su kafa kwamitocin bincike. Na Ikko, a ƙarƙashin Mai Shari'a Doris Okuwobi, ya miƙa rahotonsa a Nuwamban 2021, amma Kano tana cikin jihohin da ba su kafa ba.

A ganina, Johnson ya yi magana da wuri amma ya ƙi aiki da abin da aka gaya masa, shi kuwa Buhari ya yi jinkiri har masu son raba kan jama'a suka riga shi bakin magana. Asarar tamu ce: tunda muka ɗauki kukan a matsayin na wata ƙabila, iyayen da aka zalunci 'ya'yansu a caji ofis a nan Kano ba su sami inda za su kai ƙara ba.

A cikinmu akwai lauyoyi da malamai da manyan 'yan sanda. Ina roƙon mu riƙa tunatar da shugabanni cewa rigakafi ya fi magani, mu kuma koya wa ƙannenmu da ke makaranta su fara tambayar me aka yi, kafin su tambayi ɗan wace ƙabila ne ya yi kuka. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.