Bante, Rawani da Shekarun Kunya a Ƙasar Gobir

Idan bazara ta kai tsakiya, zafi ya haura digiri 40, wanda ya bi ta bakin Gulbin Rima a Sabon Birni zai tarar da yara maza suna tsere a kan rairayi, daga su sai gajeren wando, ciki ya yi furu-furu da ƙura. Ba mai ɗaga kai ya dube su. Tsohuwar da ke sayar da ƙuli-ƙuli a ƙofar gida ba za ta ce uffan ba, sai hunturu ya shigo ne za a ji ta ɗaga murya tana kiran jikanyarta: "Ke, sa ma ƙanenki riga, kar sanyi shi kama shi!" Mura take gudu da ciwon haƙarƙari. Kunya kuwa, a lissafinta, tana da shekarun da take kama mutum, kuma wannan ɗan bai kai ba.

Amma a ƙasar nan ce aka taɓa kafa doka a kan tufa, har ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka hura wutar yaƙi. Kufan Alƙalawa, birnin da Sarkin Gobir Babari ya kafa a tsakiyar ƙarni na 18, ba shi da nisa da Sabon Birni. Daga can ne Sarki Nafata, a 'yan shekarun da ya yi kafin ɗansa Yunfa ya gaje shi, ya sa aka yi shela a kasuwa: ba mai wa'azi sai Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo shi kaɗai, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, maza su daina naɗa rawani, mata su daina yafa mayafi. Nafata ya san abin da yake yi. Rawani da mayafi sun zama tambarin Jama'ar Shehu, da su ake ƙirga yawansu ranar kasuwa, kuma yawan ne ya hana fada barci. A Fabrairun 1804 Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, a 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Yunfa.

Duk wannan rigima a kan kawunan manya aka yi ta. Yaron da ke wasan ƙasa a bayan ganuwa, tumɓur haihuwar uwarsa, sai laya a wuya da tsagar Gobirawa a kunci, ba ya cikin shelar sarki, kuma ba shi ne abin da ya fi damun malamai ba.

Dalili yana cikin littattafan da malaman zaure ke karantarwa har gobe. A mazhabar Malikiyya al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, ke nan ƙirjin ƙato baligi ma ba ya ciki, balle na ɗan shekara biyar. Risala ta Ibn Abi Zaid, a babin jana'iza, ta yarda mata su wanke gawar yaro ɗan shekara shida ko bakwai, ta kuma fi tsanantawa a kan yarinya. Ga hadisin da kowane almajiri ya sani, na umartar yara da salla a shekara bakwai da raba musu shimfiɗa a goma. Shari'a ta yi wa sutura matakala, al'ada ta bi ta hau ba gardama. Shi ya sa ɗan dambe ko ɗan kokawa ke shiga fage da warki, ƙirji a waje, ga hakimi ga jama'ar gari, kuma a Maraɗi da Tawa, inda kokawar takobi ta zama wasan ƙasa tun 1975, abin alfahari ne.

A da, wanzami ne yake buɗe ƙofar kunya. Da sanyin hunturu ake tara yaran unguwa 'yan bakwai zuwa tara a yi musu shayi, su yi jinya wuri guda, ana ɗura musu kunu da naman kaza. Ranar fita a yi musu aski, a ba kowa sabon bante, mai hali ya ƙara da 'yar shara. Daga ranar, yaron da jiya yake yawo zindir ba zai ƙara yarda a gan shi haka ba, sa'o'insa ma sun ishe shi da dariya. Ta wajen mata ba a jiran wanzami. Yarinya takan fara da jigida a ƙugu, sai ɗan zane da zarar ta fara wayo, in ta soma ƙirgar dangi zanen ya hau ƙirji. Mayafi sai an yi aure, ko ana dab da yi.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda masu yabon "tarbiyyar da" da masu kushe ta duk suke tsallakewa. Kafin zuwan yadin kanti, kowace tufa daga hannu ta fito: mace ta gurje auduga, ta shiɓe ta, ta kaɗa zare da mazari, masaƙi ya saƙa ƙwarya siririya wadda faɗinta bai wuce tafin hannu ba, maɗinki ya harhaɗa da allura. Riga guda tana cin ƙwarya da yawa da aikin makonni. Tufa dukiya ce, ana biyan bashi da ita, ana rabon gadonta, sarakuna na yin kyauta da ita. Heinrich Barth, Bajamushen da ya ratsa ƙasar Hausa a shekarun 1850, ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300. Manomin da ke da riga ɗaya tal ta zuwa Idi ba zai ɗinka wa yaron da zai fi ƙarfinta kafin kaka ta zagayo ba. Karin maganar nan, da tsirara gara baƙin bante, daga irin wannan zamani ta fito. Kuma tun da tufa dukiya ce, ta zama ma'aunin daraja: bawan da ke noma a rinji da warki ake saninsa, ɗan sarauta tun yana ƙarami ake sa masa riga da hula.

Idon baƙo ya daɗe yana tuntuɓe da rashin sutura. Ibn Battuta, wanda ya ambaci Gobir a cikin wuraren da ake kai tagullar Takedda lokacin da ya bi ta can a 1353, ya yaba wa mutanen Mali kan riƙon salla da haddar Alƙur'ani, sannan ya yi tir da yadda kuyangi da 'yan mata, har da 'ya'yan sarki, ke fita ba sutura. Shi ma ɗin, 'yan mata ne suka tsaya masa a rai.

Bayan faɗuwar Alƙalawa Gobirawa suka watsu. Waɗanda suka ƙi miƙa wuya ga Jama'ar Shehu sun sha kashi a Gawakuke a 1836, suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya Ɗan Halima ya ɓalle daga 'yan uwansa ya gina Sabon Birni, Isa kuwa ta tsaya a matsayin ribaɗin Sakkwato, hakiminta na riƙe da sarautar Sarkin Gobir. Turawan Ingila da na Faransa suka zo suka ja iyaka tsakanin 1906 da 1908, ta raba dangi gida biyu. Duk da haka, ɗan Tsibiri da ɗan Isa kusan shiga ɗaya suke yi, domin rana ɗaya ke dukansu kuma farashin saƙi bai san iyaka ba.

Abin da ya sauya lamarin a hankali ya zo, ta hanyar kasuwa. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, akoko da alawayyo suka bi ta Shinkafi suka shigo Isa da Sabon Birni. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, ta Gusau ta biyo baya. Sai gwanjo, wanda dilolinsa ke sauka a Kwatano su biyo ta Maraɗi, su tsallako iyaka ko da doka ta hana. Ranar da rigar yaro ta koma kuɗin ƙwaryar fura, uzurin talauci ya ragu, ma'anar rashin riga ta juya: abin da a da yake nufin "yaro ne" ya fara nufin "ba a kula da shi".

Makaranta ta ƙarasa sauran. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya sa wa dubban yaran karkara riga da wando iri ɗaya, da malamin da zai kori wanda ya zo babu. Islamiyyu suka yawaita, musamman bayan kafa Izala a Jos a 1978, da su hijabi ya shigo, ya kuma yi ta gangarowa ƙasa. Lulluɓin da Nafata ya hana matan aure, yau 'yar shekara uku ke jan sa a ƙasa tana bin yayarta, uwar na dariya. Lokacin da Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a 1999, Sakkwato ta bi sahu, an tarar da wannan sauyi ya riga ya zauna. Sai dai nauyin bai faɗa daidai ba. Yarinya ta rasa kusan dukan shekarun da kakarta ta yi tana tsalle da jigida, yaro kuwa wando kawai aka ƙara masa, ƙirjin na nan yadda yake. Ko shayin ma yanzu gidaje da dama suna yin sa tun yaro na jariri, don haka ranar bante ta ɓace ba wanda ya yi shelarta.

Tun wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tayar da ƙauyuka da yawa a Isa da Sabon Birni, dubban mutane suka tsallaka jihar Maraɗi, aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori, wasu suka cika makarantu da kangwaye a cikin garuruwan Isa da Sabon Birni. Yaran da ake ɗauka hoto da waya a waɗannan wurare, ba riga ba takalmi, su ake turawa a Facebook don neman taimako, kuma mai kallo daga Abuja ba ya iya rabe wanda ya tuɓe don zafi da wanda aka koro da tsakar dare ya bar rigarsa a kan igiya. Matan garuruwan suna rabewa. Idan sanyin Disamba ya sauko, sukan bi gida-gida suna tara tsofaffin rigunan 'ya'yansu, su ƙulle a ɗankwali su kai.